Takaici, fargaba da zaɓen tumun dare

Duk lokacin da aka sanar da sakamakon babban zaɓe, tambayoyin da nake samu sukan sauya kama. Masu neman jam'in kalma ko asalin suna sai su yi shiru, a bar ni da masu neman sunan abin da ke cin ransu. Ga kaɗan daga ciki.

Wata malama ta rubuto: "Malam, wanda na zaɓa ya faɗi, kuma tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Na ce wa ƙawata baƙin ciki nake yi, ta ce a'a, takaici ne. Ashe ba ɗaya ba ne?"

Malama, ƙawarki ta fi ki kusa da gaskiya. Baƙin ciki babbar rumfa ce. Rashin masoyi, asarar dukiya, ciwon ɗa, duk suna shiga ƙarƙashinta, kuma ba dole sai da mai laifi ba. Ki kuma yi hattara da kalmar, domin fuska biyu gare ta. In kika ce "ina cikin baƙin ciki" za a tausaya miki. In kuwa kika ce "ina baƙin ciki da nasarar wane", mai sauraro zai iya jin hassada, irin wadda ake nufi in an kira mutum ɗan baƙin ciki.

Takaici ya fi ƙunci. Sai abu uku sun haɗu yake samuwa: kina ganin abin bai kamata ya faru ba, kina ganin da an so da an kauce masa, sannan ba ki da yadda za ki yi. In aka cire na ukun, fushi ne, mai fushi kuwa yana da inda zai sauke shi. Mai takaici ba shi da wanda zai kama. Shi ya sa muke cewa takaici ya ishe ni, ko kukan takaici, kukan da mutum ke yi yana cije leɓe. Wanda ya yi sammako ya bi layi, ya kaɗa ƙuri'arsa, ya kwana yana sauraron ƙidaya, sannan aka sanar da abin da yake gudu, wa zai riƙe? Miliyoyin mutanen da bai sani ba? Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma wannan karin magana ba ya aiki a zaɓe. A nan wani ne ke ɗebowa, a raba zafin da bakin kowa. A ganina nan ne takaicin mai zaɓe ya samo asali, kuma ban san wata kalma da ta fi dacewa da shi ba.

Nadama kuma daban take. Daga Larabci muka aro ta, tamu ta gida ita ce da-na-sani, wadda aka ce ƙeya ce, a baya take. Ta wanda ɗan takararsa ya ci ce, daga baya ya ga ba haka ya zata ba. Ke ba ki kai nan ba.

Wani ɗalibi ya ce: "Malam, ina jin ana cewa jama'a na cikin fargaba, wasu su ce zullumi, wasu tararrabi. Wanne ne daidai ga mai tunanin abin da sabuwar gwamnati za ta yi?"

Fargaba kalma biyu ce aka ɗinke: faɗi da gaba. Gaba a nan ƙirji ne, kamar yadda muke cewa gabana ya faɗi. Harafin ɗ yakan koma r idan ya zo ƙarshen gaɓa, shi ya sa faɗa wa ke zama far wa, kuma farkawa da faɗakarwa 'yan gida ɗaya ne. To fargaba faɗuwar gaba ce, bugu ne na lokaci guda, irin wanda ke zuwa sa'ad da mai sanarwa ya gyara murya zai karanta alƙaluma. Tana iya maimaituwa, amma kowane zuwa da dalilinsa.

Zullumi ba ya bugu, zama yake yi. Shi ne saƙe-saƙen da ke hana barci: aikina zai tsira? Za a taɓa 'yancin da nake da shi? Yaya 'ya'yana za su tashi a ƙarƙashin wannan mulki? Abin bai zo ba, ba a ma tabbatar zai zo ba, amma zuciya ta riga ta tare shi a hanya. Saboda haka, ɗalibi, mai tunanin shekarun da ke gaba zullumi yake yi. Tararrabi na wanda bai san inda za a faɗa ba ne, ya fi dacewa da kwanakin jiran sakamako ko jiran hukuncin kotu. Yana da ɗan'uwa, taraddadi, daga taraddud na Larabci, wato kai-komo tsakanin abu biyu. 'Yan jarida sun fi son fargaba don ta fi ƙara a kanun labari, har ta fara cinye gonar zullumi. Ba na jin daɗin haka, amma harshe ba ya neman izinin malami.

Ka kuma lura da yadda muke rarraba waɗannan abubuwa a jiki. Ciki ya yi baƙi, gaba ya faɗi, rai ya ɓaci, gwiwa ta yi sanyi. Na ƙarshen shi ne na wanda ya ce ba zai sake fita zaɓe ba, tunda da gwiwa ake tashi.

Tambaya ta uku daga wani dattijo take: "Na ce mutanen ƙasarmu sun yi zaɓen tumun dare, sai ɗana ya ce ban yi amfani da maganar a muhallinta ba. Ka raba mu."

Baba, zan raba ku, amma kowa zai samu rabonsa. Tumu shi ne kan sabon gero da ake gasawa. Mai zaɓensa da rana yana duba wanda ya cika da ƙwaya, ya bar wanda tsuntsu ko tsutsa suka riga shi. Da dare kuwa sai lalube, hannu ya ji kauri ya ɗauka, sai gari ya waye a ga abin da aka kwaso. Nauyin maganar yana kan duhun, ba kan tumun ba. Idan ka ce jama'a sun yi zaɓen tumun dare, ka soki abin da suka zaɓa, amma a lokaci guda ka ba su uzuri: ba su gani ba, an rufe su da alkawari ko farfaganda. In haka kake nufi, maganarka na kan hanya.

In kuwa wanda ya ci sananne ne, an ga mulkinsa ko an ji manufarsa ƙarara, aka kuma zaɓe shi ido buɗe, to ɗanka ya yi gaskiya. Babu dare a nan. Abin da ya dace shi ne: wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan ta fi ɗaci, kuma ina zaton shi ya sa mutane ke gudunta su fake da tumun dare. Ya fi sauƙi mutum ya ce an yaudari maƙwabcinsa da ya yarda cewa maƙwabcin ya ga abin da shi ma ya gani, ya kuma so shi a haka.

Akwai ta uku, ta wanda ke ganin da tsohon da sabon duk kanwar ja ce: tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Dukansu masu tsuguno ne. Ka saurari yadda ƙare da kare ke wasa da juna a ciki. Wanda ba ya bambanta ƙ da k ya yi asarar rabin daɗinta.

Wani kuma ya tambaya a taƙaice ko gaskiya ne ƙuri'a na nufin caca, "don in haka ne, ba mamaki."

Ba caca ba, amma ka kusa. Asalinta ƙur'a ce ta Larabci, wato abin da ake jefawa don fitar da rabo idan masu haƙƙi sun yi daidai, ba mai fifiko. Ya zo a hadisin Nana A'isha cewa Annabi (SAW) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. Larabcin yau ma daga wannan tushe ya samo iƙtira'i, kalmarsa ta jefa ƙuri'a a akwati. Mutanen Atina ta ƙasar Girka a zamanin da, da irin wannan ƙuri'ar rabo suke cike majalisarsu mai mutum 500. Abin lura shi ne Hausa ta haɗa kalma biyu masu ja da juna a aiki ɗaya. Zaɓe daga zaɓa yake, aikin ido da hankali, a ɗauki wannan a bar wancan. Ƙuri'a kuwa asalinta sakin abu ne daga hannu. Muna fita zaɓe, amma ƙuri'a muke jefawa ko kaɗawa, kuma duka fi'ilan biyu tun daga tsohuwar ma'anar suka biyo ta.

Malamar farko ta ƙara da cewa kowa sai ya ce mata "sai haƙuri", ita kuma tana jin kamar ana cewa ta sallama ne. Abin da kike gudu, Malama, sunansa dangana, daga dangana abu da bango, a jingine shi a bar shi nan. Ana yin dangana ga abin da ba ya dawowa, kamar mamaci. Haƙuri kuwa mai shi yana nan kan aikinsa, shi ne aka ce yakan dafa dutse, dafa dutse kuwa sai da iza wuta. Mai ce miki sai haƙuri bayan zaɓe, ko ya sani ko bai sani ba, kalmar abin da ke da wa'adi ya ba ki.