Me Ke Kawo Waɗanda Ba 'Yan Katolika Ba Cikin Zancen Katolika?

Tambaya: Ni katekis ne a wata majami'ar Katolika a kudancin Kaduna. Mukan zauna da yammacin Lahadi mu tattauna koyarwar Ikkilisiya. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ba a rasa 'yan ECWA ko Baftis ko na cocin Fentikos a wurin, har wani maƙwabcinmu Musulmi yakan leƙo. Wasu tambaya suke yi, wasu gardama. Wasu dattawanmu sun ce a hana su zuwa. Me ke kawo su, tunda ba su yarda da abin da muka yarda da shi ba?

Amsa: Malam katekis, sannu da hidima. Dattawan da suka ce a hana su suna zaton mutum biyu ne kawai zai zo irin wannan zama daga waje: mai son shiga ɗariƙar, da mai son rushe ta. A ganina yawancin baƙinku ba sa cikin ko ɗaya.

Babban abin da ke jawo su shi ne Katolika tana da amsa a rubuce, kuma an san inda za a same ta. Katekizim, wato littafin koyarwar Ikkilisiya, da Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1992 yana da sakin layi 2,865, kowanne da lambarsa. Dokokin Ikkilisiya na 1983 ma haka. Mai son sanin matsayin Katolika kan sakin aure ko bashi da ruwa ko addu'a domin matattu zai buɗe littafi ya nuna da yatsa. A cocin da koyarwa ta rataya ga bakin wanda ya kafa shi, idan ka kawo hujja sai a ce maka ai wannan ra'ayin wancan fasto ne. Mai gardama yana son abokin gardamar da ba zai zame masa ba, mai neman sani kuma yana son amsar da zai riƙe. Duka biyun wurinku za su nufo.

Ga 'yan Furotesta kuwa akwai wani dalili da ya fi wannan zurfi, ko da ba kowa ne cikinsu zai furta shi ba. Tarihinsu ta cikin gidanku ya bi. Martin Luther, wanda ya tayar da ƙurar 1517 a Jamus da ta haifar da Furotesta, Fada ne na Katolika. Duk ɗan ECWA da ya shiga makarantar tauhidi ya fara karanta tarihin Ikkilisiya zai ci karo da shekaru 1,500 kafin Luther, cike da bishop-bishop da majalisu da mutane irin su Agustin na Hippo, ɗan Arewacin Afirka, wanda Furotesta da Katolika duk suke ji da shi. Daga nan tambayoyi ke tasowa. Me ya sa Littafi Mai Tsarki naku yake da littattafai 73, nasu 66? Ina Tobit da Yudit da Hikima da Sirak da Baruk da Makabiyawa biyu suka shiga? Wa ya ƙara, wa ya rage? Mutumin da ke riƙe da irin wannan tambaya ba ridda yake shirin yi ba. Asalin abin da ya gāda yake bincika, kuma rabin takardun suna hannunku.

Sai kuma waɗanda rayuwa ce ta kawo su ƙofar. Aure ne kan gaba. Saurayi ɗan Baftis yana neman 'yar Katolika, an ce masa sai an nemi izinin Bishop, an kuma ce za a "ƙwace masa 'ya'ya". Dole ya zo ya ji da kunnensa. Abin da doka ta 1125 cikin Dokokin Ikkilisiya ta ce shi ne, ɓangaren Katolika ne zai yi alkawarin yin iyakar ƙoƙarinsa a yi wa yaran baftisma a rene su cikin Katolika, shi kuma ɗayan a sanar da shi wannan alkawari. Tun 1970 aka daina neman wanda ba Katolika ba ya ɗauki alkawarin da kansa, amma har gobe za ka ji iyaye suna faɗin tsohuwar ƙa'ida kamar jiya aka kafa ta. Idan kuwa wanda za a aura ba shi da baftisma sam, kamar Musulmi, to sai an sami sassauci na musamman daga Bishop, in ba haka ba auren bai ɗauru ba a idon Ikkilisiya. Bayan masu aure akwai waɗanda suka yi makarantar Fada ko ta Sista, da waɗanda aka haifa a asibitin mishan irin St. Gerard na Kakuri. Kwalejin Rimi ta Kaduna ai St. John's ce kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, Kwalejin Sarauniya Amina kuma Queen of Apostles. Dattawa da yawa, Musulmi da Kirista, ta hannun Fada suka koyi karatu, don haka zancen Katolika ba baƙo ba ne a kunnensu.

Kada ka manta da naku da suka fita. Wanda aka yi masa baftisma yana jariri, ya girma yana hidima a bagade, daga baya ya koma Fentikos, shi ne sau da yawa ya fi kowa zafin gardama a kan Maryamu da siffofin da ake ajiyewa a majami'a. Ka lura da shi da kyau. Mutum ba ya ɓata yammacin Lahadinsa a kan abin da ya gama da shi.

Maƙwabcinka Musulmi fa? Shi ma yana da abin da zai tsaya a kai. Nana Maryamu ita kaɗai ce macen da aka ambaci sunanta a Alƙur'ani, kuma sura ta 19 sunanta take ɗauke da shi. Musulmin da ya ga mutane suna girmama ta, suna jan carbi, suna azumi kafin Ista, suna da lokutan addu'a ƙayyadaddu, zai so ya ji inda aka haɗu da inda aka rabu. An rabu kuwa a babban wuri, kan allahntakar Yesu da mutuwarsa a gicciye, kuma ɓoye masa wannan ba ladabi ba ne, raini ne. Ban da haka, Katolika tana magana a fili kan al'amuran ƙasa. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ke Sakkwato tun 2011, saƙonsa na Kirsimetin 2020 sai da ya tayar da muhawara a duk faɗin Arewa. Wanda maganarka ke shafarsa yana da haƙƙin ya zo ya ji dalilinka. Haka aka gani a Disamba 2023 da Vatican ta fitar da takardar nan kan sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka: Musulmi da Furotesta sun bi zancen kamar nasu, har zuwa Janairu 2024 da bishop-bishop na Afirka, ƙarƙashin Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, suka ce ba za a yi hakan a majami'unsu ba. Ɗariƙar da ke da mabiya kusan biliyan 1.4 idan ta motsa, kowa sai ya waiwayo.

Abin da zan so ka kai wa dattawa shi ne, Ikkilisiya da kanta ta buɗe wannan ƙofa. Majalisar Vatican ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na Katolika na duniya, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta kira sauran Kiristoci 'yan'uwa da aka rabu da su, ta kuma amince da baftismarsu muddin da ruwa aka yi cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Shi ya sa ɗan Angalika da ya shigo ba a sake yi masa baftisma. A ranar 28 ga Oktoba 1965 majalisar ta fitar da takardar Nostra Aetate, inda ta ce Ikkilisiya tana duban Musulmi da daraja, masu bauta wa Allah ɗaya, masu salla da sadaka da azumi. Ofishin Vatican da ke kula da wannan hulɗa, ɗan Nijeriya ne ya shugabance shi daga 1984 zuwa 2002, Kadinal Francis Arinze. Katekis da ya kori mai tambaya ya fi Roma tsanani ke nan.

Gaskiya dai, abin da ke sa wasunmu son a hana baƙi ba kishin addini ba ne kaɗai. Tsoro ne kada a yi tambayar da ba mu da amsarta. Ɗan ECWA yakan zo da aya da sura a ka, namu kuma sai ya ce haka muka tarar. Wannan gyaransa na hannunka, ba na baƙon ba.

Ban ce kowa da zuciya ɗaya yake zuwa ba. Akwai mai zuwa farautar mabiya, wanda bayan an tashi zai ja matasa gefe. Gane shi ba wuya: ka ba shi amsa, ba zai tanka mata ba, sai ya tsallaka wata tambayar, daga carbi zuwa Fafaroma zuwa auren Fada. Irin wannan ka tsayar da shi a kan batu ɗaya har a gama, ka kuma sa ƙa'ida tun farko cewa mai jagora ne ke ba da damar magana, ba a zagin abin da wani ke girmamawa, nasu ko naku. Zaman masu shirin baftisma kuwa ka ware shi daban, domin su ba muhawara suka zo ji ba.

Iyaka ɗaya ce za ka bayyana musu da bakinka kafin su ji ta a wani wuri: zaman tattaunawa da halartar Misa, wato babbar sujadar Katolika, a buɗe suke ga kowa, amma karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya da ake bayarwa a Misa, na 'yan Katolika ne da suka shirya. Doka ta 844 ta bar 'yar kafa ga 'yan Otodoks, da kuma sauran Kiristoci a hali irin na bakin mutuwa bisa wasu sharuɗɗa, amma wannan hukuncin Fada da Bishop ne. Idan za a yi ɗaurin aure ko jana'iza inda dangi suka gauraya, ka roƙi Fada ya yi wannan bayani a taƙaice kafin a fara layi, don kada a mayar da surukin wani daga gaban bagade a idon jama'a.