Gasar warware matsalar kamfanin noma: in shiga ko in zame?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, ina aji uku a jami'a ina karantar tattalin arzikin noma. Lakcaranmu ya sa sunana a tim ɗin da zai shiga wata gasa, wai za a ba mu matsalar wani kamfani mu warware a gaban alƙalai. Ni dai gani nake cinye min lokaci kawai za ta yi ga jarabawa ta matso. Akwai amfani ko in zame?
Daga wata ɗaliba

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Don Allah kar ki zame.

Ga yadda abin yake, za a miƙo muku takardu kan wani kamfani, misali kamfanin iri da dillalansa suke guduwa, ko ƙungiyar manoma da ta rasa ko ta gina sito ko ta ci gaba da haya, ga lissafin kuɗinsu ga bashin da ke kansu, a ba ku ɗan lokaci ku fito da shawara ɗaya tak ku kare ta. Kuma bayanan ba sa taɓa cika, nan ne daɗin abin. A aji kin saba kowace tambaya tana da amsarta a littafi, a nan kuwa dole ki yanke hukunci da abin da ke hannunki, sannan wani alƙali da ya shekara a harkar ya kalle ki ya ce to in farashi ya faɗi lokacin girbi fa, ina za ki samo kuɗin biyan banki? Wallahi ranar za ki san kin fahimci abin da aka koya miki ko hadda kika yi.

Ba sabon abu ba ne kuma. Makarantar kasuwanci ta Harvard a Amurka ta daɗe tana koyarwa da irin wannan salo, malamanta biyu John Davis da Ray Goldberg su suka fitar da littafin da ya kafa fannin kasuwancin noma a 1957. Ƙungiyar IFAMA, ta masu harkar kasuwancin abinci da noma ta duniya, da aka kafa a 1990 tana shirya irin wannan gasa ta ɗalibai a taronta na duniya.

Sai zancen mutane, wanda ni a wurina ya fi kofin ma. Alƙalan nan da yawansu daga kamfanoni suke, sun ga yadda kike tunani da idonsu, ba a sibi, wato takardar neman aiki, suka karanta ba. Ki gaishe su bayan an tashi, ki tambayi inda kuka yi rauni.

Jarabawa kam gaskiyarki, ki samu lakcaran ku tsara atisaye sau biyu a sati. Ku riƙa ɗaukar tsohon kes, wato matsalar kamfani da aka taɓa bayarwa, kuna sa agogo, wani ya riƙe lissafi wani kasuwa, amma kowa ya iya amsa ɓangaren ɗan uwansa don alƙali ba ya tambayar wa ya shirya wane shafi.