Mai kawo shayin nan, ina sunansa?

Ɗana Habibu, saƙonka ya iso tare da babi uku na farkon littafinka, na kuma karanta su sau biyu. Ka ce tsofaffin littattafan binciken kisa da na ara maka, yawancinsu marubutan sun kai labarin wata ƙasa da ba tasu ba, kana so ka san ina ƙarfin wannan dabara yake, ina rauninta, kuma ko ya dace kai ma ka kai naka Alƙahira alhali ba ka taɓa taka Masar ba. To, saurara.

Irin wannan labari wasa ne tsakanin marubuci da mai karatu, wasan kuwa ba ya yiwuwa sai da katanga. Dole a ce ga mutum goma ko sha biyu, a cikinsu mai kisan yake, ba wanda ya shigo, ba wanda ya fita. A garin da aka haifi mutum, wannan katangar wuyar gini gare ta, don kowa na da ɗan'uwa, kowane gida na da maƙwabcin da zai leƙo. Amma ka kwashi mutane ka zuba su a jirgi a ƙasar da ba su jin harshenta, sai katangar ta gina kanta. Haka Agatha Christie, marubuciyar Ingila, ta yi a Murder on the Orient Express na 1934. Jirgin ƙasa ya taso daga Istanbul, dusar ƙanƙara ta tsayar da shi a tsakiyar Yugoslabiya, aka wayi gari da gawa a ɗaki, taga a buɗe, amma babu sawun kowa a kan ƙanƙarar. Da wannan kaɗai ta rufe ƙofa, mai karatu ya san inda zai nema.

Akwai riba ta biyu. Mutum in ya bar gida, asalinsa ya zama abin da bakinsa ya faɗa. Wanda ya ce shi likita ne, wa zai ƙaryata shi a tsakiyar Kogin Nilu? Sunan ƙarya, tsohuwar gaba, auren da aka ɓoye, duk sun fi zama daram a tsakanin matafiya. Shi kansa mai binciken ba shi da 'yan sandansa a kusa, ba ɗakin gwaji, ba takardun ofis, sai idonsa da kunnensa, abin da mai karatu ma yake da shi ke nan. Nan adalcin wasan yake.

Amma ƙarfin da na fi so ka riƙe shi ne inda wurin da kansa ya zama hannun da ya yi kisan. Koma ka sake karanta Murder in Mesopotamia na 1936, wannan karon a hankali, da fensir. Christie ta fara zuwa Iraƙi a 1928, ta ga aikin tonon kufai a tsohon birnin Ur, a 1930 ta auri Max Mallowan, masanin wannan aikin, ta yi shekaru tana bin sa wuraren tono a Iraƙi da Siriya. Gani ya kori ji. Gidan da ta kwatanta ta san irinsa: ɗakuna kewaye da tsakar gida, ƙofar shiga ɗaya tak, tagogin waje da sandunan ƙarfe, rufi shimfiɗaɗɗe kamar soro inda ake baza kayan da aka tono. Kowa ya ɗauka ta ƙofar ɗaki aka shiga aka kashe matar shugaban tawagar tono, saboda haka kowa ya tsaya lissafin wanda ya ratsa tsakar gida. Ashe daga kan rufi aka janyo hankalinta, ta zuro kai tsakanin sandunan taga, aka sako mata dutsen niƙa ɗaure da igiya, aka janye shi sama ya koma cikin 'yan'uwansa duwatsu. Ka lura da kyau. Ɗauke wannan labarin ka kai shi wani gida a Landan, ya rushe, don babu soro, babu dutsen niƙa. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna duk labarin da aka kai wata ƙasa: in ka canza sunan garin labarin bai ji komai ba, to ado kawai aka yi da garin.

Wani abin da ke sa ni komawa ga waɗannan littattafai, ko da ba ya cikin ƙullin labari, shi ne sun ajiye mana wuraren da suka shuɗe. Jirgin ruwan da ke littafin Christie, Death on the Nile na 1937, ya tsaya a Abu Simbel, wurin tsofaffin gine-ginen Fir'auna a kudancin Masar, ya nufi Wadi Halfa a arewacin Sudan. A shekarun 1960, da aka gina babbar madatsar Aswan, ruwa ya cinye tsohon garin Wadi Halfa, aka yanka gine-ginen Abu Simbel gunduwa-gunduwa aka hau da su tudu. Tafiyar da ke littafin ba mai sake yin ta yadda take.

Yanzu ga raunin, kuma a nan zan daɗe, don a nan kai ma ka faɗa.

Ƙaramin rauni tukuna. Baƙon wuri yana sa mai karatu ya saki jiki, marubuci kuma ya yi amfani da hakan ya wuce da abin da hankali ba zai ɗauka ba. A wannan littafin na Iraƙi da na yaba, an nemi mu yarda cewa mace ta sake auren mijinta na fari bayan shekaru, da wani suna, suka zauna tare, ba ta gane shi ba. Ko makauniya ce ai ta san muryar mijinta. Hamada da tsofaffin tukwane ne suka ɗauke mana ido daga wannan ramin, amma ramin yana nan.

Babban raunin kuwa shi ne mutanen ƙasar. Ƙirga waɗanda ake zargi a jirgin Nilu: Turawa ne da Amurkawa, babu Bamisire ko ɗaya. Misirawan da ke littafin su ne yara masu roƙon kyauta a bakin kogi, da masu talla, da masu jakai, da ma'aikatan da ke wucewa ba suna. A Iraƙi ma, da aka tara jama'a don warware kisan, 'yan tawagar tono ne a teburin. Yaron da ke wanke tukwane a tsakar gida, amfaninsa bai wuce na agogo ba: ƙarfe nawa ya tashi, ƙarfe nawa ya dawo.

Wannan yana da tushe a ƙa'idojin sana'ar na lokacin. A 1928 wani marubucin Amurka, S. S. Van Dine, ya fitar da ƙa'idoji 20, ɗaya daga ciki ta hana a ɗora kisan a kan bara ko ɗan aiki, wai mai laifin ya zama mutum mai daraja wanda ba a zata ba. A 1929 Ronald Knox na Ingila ya fitar da nasa 10, a ciki ya hana sa mutumin Sin a labari, saboda marubutan arha na lokacin sun mayar da Basine mugun da ake jingina wa kowane sharri. Niyyar ita ce a toshe hanyar lalaci. Amma haɗa waɗannan biyun ka kai su ƙasar da Bature ke mulki ko yake yawon buɗe ido, inda duk ɗan ƙasar da ya gani kuku ne ko direba ko mai gadi. Sai ka tarar an share al'umma guda daga cikin wasan. A da wanda ba Bature ba shi ne mai laifi kullum, yanzu ya zama ko zarginsa ba a yi, kuma a labarin bincike wanda ba a zarga ba, ba a ƙirga shi mutum ba. Zargi yana nufin an yarda kana da so, da ƙi, da bashi, da sirri.

Ban faɗi haka don tausayi kaɗai ba. Ɓarna ce a aikin. Wa ya fi sanin abin da ke cikin ɗaki kamar mai share shi? Wa ya ga wanda ya fita da asuba kamar mai gadi? Marubucin da ya rufe bakin waɗannan ya zubar da shaidunsa mafi kyau, mai karatu mai wayo kuma tun shafi na talatin ya soke rabin mutanen da ke wurin.

An sami waɗanda suka bi wata hanya. Robert van Gulik, jami'in jakadancin Holan ne da ya ƙware a harshen Sin. A 1949 ya fassara wani tsohon labarin bincike na Sinawa game da alƙali Dee, wanda asalinsa Di Renjie ne na daular Tang, daga nan ya ci gaba da rubuta nasa. A littattafansa alƙali Basine ne, mai laifi Basine, shaidu Sinawa, shari'a ta ƙasar, har da dokar da ta ce ba a yanke hukunci sai mai laifi ya amsa da bakinsa. Shi ma ya cakuɗa al'adun zamanin Ming da na Tang, amma da kansa ya faɗi haka ga masu karatu. H. R. F. Keating kuwa ya ƙirƙiri sufeto Ghote na Bombay a 1964, bai taka Indiya ba sai bayan kusan shekara 10. Littattafan sun karɓu, don ya sa zuciyar labarin a jikin ɗan ƙasa mai fama da manyansa da iyalinsa. Ka ga ke nan rashin zuwa bai haramta rubutu ba. Abin da ya haramta shi ne rashin zuwa da rashin tambaya a haɗe.

Mu dawo kan naka. Ka zaunar da 'yan kasuwa shida daga Kano da Kaduna a otal a bakin Nilu, ka kashe ɗaya. Ƙullin da kyau, musamman maganar takardar bashin da ta ɓace. Amma na ɗauki jan biro na ƙirga: sau biyar wani ya shigo da shayi a babi ukun nan, duk sau biyar ka kira shi "ma'aikacin otal". A shafi na 19 yana tsaye da faranti a hannu lokacin da Alhazan nan biyu ke musu a kan kuɗi, ka bar shi ya fita kamar iska ta wuce. Abin da na soka a littattafan Turawa, shi ka yi wa Misirawa, ba da mugun nufi ba, don dai abin da ka karanta ke nan. Sannan dalolin Giza da ka ambata sau uku ba su ɗauki komai na labarin ba. Otal ɗinka zai iya zama a Abuja ba a canza layi ɗaya ba.

Ba zan ce ka dawo da labarin gida ba, tunda zuciyarka na can. Amma fitar da mutanenka daga otal. Yaranmu da yawa sun yi karatu a Azhar, wasu suna garin nan, nemi ɗaya ka zauna da shi da littafin rubutu. Kada ka tambaye shi tarihin Fir'auna. Tambaye shi wa ke riƙe makullin bene, yaya ake biyan haya, me ake ji ta taga da dare. Zai ba ka labarin bawwab, mai tsaron ƙofar gidajen bene na Alƙahira, wanda ke zaune a bakin ƙofa dare da rana, yana yi wa mazauna aike, ya san wanda ya shiga da wanda ya kwana a waje. Da yawansu daga kudancin Masar suka zo neman abinci, su ma baƙi ne a birnin. Ga katangarka, ga shaidarka, ga kuma mutumin da ke da dalilin yin shiru. Mai bincikenka kuma ka sa shi ɗalibi sabon zuwa, mai Larabcin littafi wanda Larabcin titi ke ba shi wuya, ta yadda abin da kai ba ka sani ba zai zama abin da shi bai sani ba, har wata kalma da ya ji a karkace ta zama alamar da za ta dawo a babin ƙarshe.

Kada ka taɓa babi na ɗaya da na biyu tukuna. Sake rubuta na uku kaɗai, ka ba mai shayin nan suna, da garinsu, da abin da ya ji a shafi na 19, da dalilin da zai hana shi faɗa. Ka kawo mini ranar Asabar bayan la'asar, ka taho da littafin Iraƙin nan, akwai zanen gidan a ciki, ina so mu duba shi tare.