Tambaya da Amsa: Bindigar da aka ce ta je yaƙin Zulu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Birmingham, kuma na fara sha'awar tara tsofaffin bindigogi masu cin harsashi ɗaya. A wata kasuwar kayan tarihi an nuna mini wata mai tambarin kambi, da V.R., da ENFIELD 1887, ga dogon hannu a ƙarƙashinta da ake ja ƙasa. Mai ita ya ce ta je yaƙin Zulu, shi ya sa ya tsawwala kuɗi. In saya? Kuma zan iya kankare tsatsarta?
Daga wani mai karatu a Ingila

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bindigar dai Martini-Henry ce, wadda sojan Ingila suka fara riƙewa a 1871. Martini, mutumin Suwizalan, shi ya gyara tsarin ɗurinta. Henry na Sikotilan ya yi zanen cikin bututun. Kana jan hannun nan ƙasa sai bayanta ya buɗe, ka zura harsashi guda, ka mayar.

Amma labarin mai ita, ka bar masa abinsa. An yi yaƙin Zulu, tsakanin Ingila da Zulawa a kudancin Afirka, a 1879, ita kuwa ga 1887 a jikinta. Yaron da ba a haifa ba ya je yaƙi? Dogon hannun ma shaida ne. Samfuri na huɗu ke da shi, an tsawaita shi ne don ya fi ƙarfin fizgo kwanso, bayan sojojin Ingila sun sha wahala a Sudan, inda kwanson harsashi na siririyar tagulla yake maƙalewa in bindiga ta yi zafi. Yawancin irin wannan Indiya aka kai su, wasu suka wuce Nepal. A 2003 aka kwaso dubban tsofaffin bindigogi daga wata tsohuwar fada a Katmandu, shi ya sa samfurin ya yi yawa a kasuwa. Kada ka biya ta kuɗin abin da ba a samu.

Tukuna ma, ka tabbata ba kwaikwayo ba ce. Maƙeran yankin Khyber, tsakanin Fakistan da Afganistan, sun daɗe suna ƙera ta da hannu, har tambarin suna bugawa. Ka duba harafin N na ENFIELD, sunan garin da ake ƙera ta asali a Ingila, sau da yawa a juye yake a tasu. In ka ga V.R., wato alamar Sarauniya Biktoriya, da shekarar da ta wuce 1901, an gama magana, don a shekarar Sarauniya Biktoriya ta rasu. Ni ba na raina aikinsu, maƙera ne na gaske, sai dai kowace da farashinta.

Batun tsatsa kuwa, don Allah ka ajiye samfefa. Ina yaro na goge adakar kakana da yashi da toka har ta yi ƙyalli, ina jiran a yaba mini. Bulala na sha, kuma ɗan zanen da ke jikinta ya tafi ke nan. Masu tarawa wannan duhun na tsufa suke saye. Ɗan mai da tsumma mai laushi sun isa.

A Ingila ana iya ajiye ta a matsayin kayan tarihi ba lasisi, muddin ba harbawa za ka yi ba. Ranar da ka so kawo ta gida Najeriya kuwa, sai ka nemi izinin hukuma tun kafin ta shiga akwati.