An Ce Shekara Guda a Kan Dubu Tara, Wata na Biyar Suka Ce Dubu Sha Biyu

Tambaya

Assalamu alaikum Barista. Ni magidanci ne a Ɗorayi, nan cikin Kano. Kusan wata biyar ke nan wasu samari suka kafa lema da lasifika a bakin titin unguwarmu suna tallar dikodar wani kamfanin talabijin. Ɗaya daga cikinsu ya ce min garaɓasa ake yi: tsarin da ake biya naira 12,000 a wata, ni 9,000 zan riƙa biya har shekara guda. Sau biyu na tambaye shi, ya ce ko sisi ba za a ƙara min ba. Saboda yara da kuma ƙwallo na saya. Wata huɗu na biya lafiya lau. Wannan watan na tura 9,000 tashoshi suka ƙi buɗewa. Da na kira kamfanin sai aka ce an ƙara farashi, yanzu 12,000 zan biya, wai kuma har yanzu ina cikin garaɓasar. Yaron da ya sayar min ba ya ɗaga waya. Shin doka ta ba su damar yin haka? Kuma ina da wurin da zan kai kuka?

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya huci zuciyarka.

Bari mu fara da lissafi, domin a nan aka yi maka ungulu da kan zabo. Wanda ya amsa kiranka a kamfanin bai yi ƙarya ba da ya ce kana cikin garaɓasa. Daga lambobin da ka bayar, ga dukkan alamu abin da aka rubuta a kan dikodarka a kwamfutarsu shi ne ragin naira 3,000 daga duk farashin da ake ciki. Lokacin da tsarin yake 12,000, ka biya 9,000. Yanzu sun ɗaga shi zuwa 15,000, suka cire maka 3,000 ɗinka, ya rage 12,000. A wajensu rangwamenka yana nan daram. A aljihunka kuwa ka koma inda ka gudo.

Abin da ake kira garaɓasa a wannan harka ba iri ɗaya ba ne, kuma masu talla da gangan suke cakuɗa su a baki. Akwai ragin kuɗi tsayayye, wanda shi ne naka. Akwai ragin kaso, a ce kashi 25 cikin ɗari, wanda da shi aka ba ka da yanzu 11,250 za ka biya. Waɗannan biyun duk a kan farashin da yake motsi aka ɗora su, kamar mutumin da aka ce an rage masa mudu ɗaya a kuɗin buhu, amma ba a ce masa buhun zai tsaya a farashinsa na yau ba. Sai na uku, wato kulle farashi: a ce 9,000 ne komai rintsi har wata goma sha biyu. Shi ne kaɗai yake kare mutum daga ƙari, kuma shi ne kamfanoni suka fi ƙyashin bayarwa. In ma sun bayar, sukan liƙa masa sharaɗi, galibi cewa ka riƙa biya kafin kwanakinka su ƙare, ka makara da kwana ɗaya kullen ya balle. Kai da baki an sayar maka da na uku, a kwamfuta an rubuta maka na farko. Tsakanin su biyun, a wata takwas da suka rage maka, naira 24,000 ne.

To, suna da ikon ƙara farashi? A gaskiya suna da shi, kuma gara in faɗa maka tun yanzu don kada ka ɓata ƙarfinka a inda ba nasara. Yawancin masu kallo a Najeriya wata-wata suke biya, kowane biya sabon ciniki ne na kwana talatin, kuma sharuɗɗan kamfanonin kusan duk sun tanadi cewa za su iya sauya farashi bayan sanarwa. Hujjarsu ma ba boyayya ba ce. Da dala ake sayen haƙƙin nuna gasar Firimiya ta Ingila da hayar tauraron ɗan'adam, ga shi tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. An sha gwabzawa a kan wannan. Kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya yi ƙari sau biyu a 2023, ya sake a watan Mayu na 2024. A watan Yunin shekarar kotun musamman ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta ci shi tarar naira miliyan 150 tare da umartar ya ba masu kallo wata ɗaya kyauta, saboda ya yi ƙarin alhali akwai umarnin ya dakata, ko da yake daga baya lauyan da ya shigar da ƙarar ya janye ta. A ranar 1 ga Maris 2025 ya sake ƙari, tsarin Compact ya tashi daga 15,700 zuwa 19,000. Hukumar FCCPC, wato hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, ta ce ya dakata, kamfanin ya kai ta ƙara Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a watan Mayu alƙali ya kori ƙarar kamfanin, amma a cikin hukuncin ya ce hukumar ba ta da hurumin ƙayyade farashi sai shugaban ƙasa ya ba ta wannan iko. Na kawo wannan ne domin shi ne abin da ya fito fili a kotu, ba don ina cewa su ne kamfanin naka ba, tunda ba ka ambaci suna ba.

Ke nan in ka je kana cewa “sun ƙara kuɗi”, za a ba ka haƙuri ka dawo gida. Maganarka mai ƙarfi ita ce: “an faɗa min abin da ba haka yake ba, kuma a kansa na fitar da kuɗina.” Wannan kuwa doka ta tsaya maka a kai.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda aka yi a 2018, ita ce makaminka. Sashe na 125 ya hana mai sayarwa ya faɗi ko ya nuna wa mai saye wani abu na ƙarya ko na ruɗi a kan muhimmin al'amari na cinikin, kai tsaye ne ko a fakaice. Bai tsaya nan ba, har wanda ya ga mai saye ya fahimci abu a karkace ya yi gum bai gyara masa ba, shi ma ya shiga ciki. Hukuncin shi ne biyan diyya da mayar da kuɗi. Ba na jin akwai abin da ya fi farashi muhimmanci a ciniki, kuma kai har sau biyu ka tambaya. Sashe na 114 ya ce bayanin da za a ba mai saye ya zama cikin harshe mai sauƙi da zai gane. Sashe na 127 kuma ya hana sharuɗɗan da suka karkata gefe guda fiye da kima. Saboda haka in suka zaro maka wani dogon rubutu na Turanci da ke shafinsu na intanet suka ce ai an rubuta farashi na iya canzawa, tambayar da za ka yi musu ita ce: wa ya nuna min wannan a ƙarƙashin lemar kafin in biya? Ko a shari'ar Musulunci, wadda mu a nan ita ce ma'auninmu na farko a kasuwa, ɓoye wa mai saye abin da da ya sani ba zai saya ba algus ne. Ɗan Kwari ko ɗan Singa ba ya bukatar lauya ya faɗa masa haka.

Amsar da za ka fara ji daga gare su na san ta tun kafin ka je: “ai ba ma'aikacinmu ba ne.” Wani lokacin gaskiya ne. Yawancin yaran nan masu lema ba albashi suke ci ba, kamasho ake ba su a kan kowace dikoda da suka sayar aka kunna, wanda bai sayar ba ranar ko kuɗin adaidaita ba zai samu ba. Shi ya sa romon baka ya yi yawa. Ina tausaya musu, amma tausayin bai wanke kamfanin ba. Ƙa'idar wakilci ita ce, wanda ka ba rigarka da lemarka da kayanka, ka tura shi ya yi magana da sunanka, kana karɓar kuɗin da ya kawo, to abin da ya faɗa wa jama'a a kan wannan ciniki yana iya hawa kanka. Inda maganar take rauni shi ne idan yaron ɗan kasuwa ne kawai da ya saro dikodoji a Sabon Gari yana sayarwa don kansa. Shi ya sa nake so ka tuna da kyau: rigar kamfani ce a jikinsa? Akwai katin shaida a wuyansa? Rasit ɗin da ya ba ka, sunan wa ke sama? Kuɗin dikodar, asusun kamfani ko na dila ka tura, ko na shi yaron? Kamfanin zai iya gano dilan da aka kunna dikodarka ta hannunsa, don haka cewa ba su san shi ba ba ta cika tsayawa ba in ka matsa.

Sai babbar matsalar, wato shaida. Magana zarar bunu ce, amma a gaban hukuma wadda aka rubuta ake kamawa. Na taɓa zama da wani dattijo mai irin wannan ƙorafi, ya rantse ba shi da komai a hannu. Muna cikin magana jikarsa ta shiga ɗaki ta fito da kwalin dikodar, a ciki ga takardar talla an naɗe rimot ɗin da ita, da manyan baƙaƙe an rubuta farashin da adadin watannin, babu ko ɗigon sharaɗi a ƙasa. Wannan ƴar takarda mai maiƙo ita ta gama maganar. Kai ma ka duba kwalinka. Ka duba saƙon tes da ya shigo ranar da aka kunna maka, da hirarku ta WhatsApp in kun yi, musamman saƙon murya. Alat ɗin banki na wata huɗu a jere da ke nuna 9,000 shaida ce mai kyau. Kuma ba kai kaɗai ka saya a ranar ba. In akwai maƙwabta biyu ko uku da aka faɗa wa magana iri ɗaya, ku haɗu. Ƙorafin mutum ɗaya ana iya cewa bai ji da kyau ba, na mutum biyar a layi ɗaya ya zama salon talla.

Ka fara da kamfanin, amma a rubuce, ba ta waya kaɗai ba. Ka je ofishinsu na nan Kano da takarda kofi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe, ko ka aika ta imel. Ka sa lambar dikoda, ranar saye, wurin da aka kafa lemar, abin da aka ce maka kalma da kalma, da abin da kake nema. Nan mutane suke sakaci, su cika shafi biyu da faɗa ba su ce ga abin da suke so ba. Ka zaɓi ɗaya: ko a bar ka a 9,000 har watanni takwas ɗin su cika, ko a zuba maka bambancin a asusun dikodar, ko su karɓi kayansu su ba ka kuɗinka. Ka ba su mako biyu. Ka nemi lambar ƙorafi, ka kuma rubuta sunan duk wanda ka yi magana da shi da ranar.

In suka yi biris, ka shigar da ƙorafi a FCCPC, ana yi ta shafinsu na intanet kuma ba a biyan ko kwabo. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, ga kuma hukumar NBC da ke ba kafafen yaɗa labarai lasisi. Kotu tana nan, har da ta ƙananan da'awowi da ake iya zuwa ba lauya, sai dai a kan naira 24,000 ni ba zan tura ka can da fari ba, zirga-zirgar kaɗai za ta cinye kuɗin. In kun taru da yawa, lissafin ya canza.

Ra'ayina dai, gyaran na gaskiya a hannun hukuma yake. A Birtaniya, tun daga Janairun 2025, hukumar Ofcom mai kula da harkar sadarwa ta wajabta wa kamfanonin waya da intanet da talabijin na biya su faɗa wa mai saye tun ranar ciniki nawa ne ƙarin da za a yi masa a tsakiyar yarjejeniya, da fam da kwabo, da kuma yaushe. Ba a hana su ƙari ba, an hana su ɓoye shi ne. Da haka ake yi a nan, da yaron nan dole ya ce maka “dubu tara ne yau, in farashi ya tashi naka ma zai tashi”, kai kuma ka yanke shawara da idonka biyu.

Game da 9,000 da ka riga ka tura wannan watan, ba ta ɓace ba, a al'ada tana zaune a asusun dikodar tana jiran ciko. Kana iya cewa a sauke ka zuwa ƙaramin tsarin da kuɗin zai isa har a gama maganar, amma ka fara tambaya ko saukar za ta soke garaɓasar gaba ɗaya, domin sau da yawa ragin a kan tsari ɗaya aka ɗaura shi. In kuma yara sun hana ka sakat ka ga dole ka cika 3,000 ɗin, ka cika, sai dai ka sa a takardar ƙorafin cewa ka biya ne ba don ka amince da sabon farashin ba, kuma kana neman a mayar maka. Watakila su kira ka su ce sun ba ka mako ɗaya ko wata ɗaya kyauta a rufe maganar. Kafin ka ce to, ka auna shi da 24,000, sannan ka ce su turo maka tayin a saƙon tes.