Tambaya da Amsa: Wane fenti ya dace da ɗakin mai jego?

Tambaya: Assalamu alaikum. Haihuwata saura wata biyu, kuma muna son sabunta fentin ɗaki. Ɗana na fari yana da asma, warin fenti kan tayar masa da ita. Mai fenti ya ce fentin mai ya fi ƙarko. Wanne za mu saya? Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sauke ki lafiya. A bango, fentin ruwa za ku shafa. Warin da ke damun yaronki tururin sinadaran da ake narka fentin mai da su ne, waɗanda ake rubutawa VOC a jikin bokiti. Abin ya fi muni idan mai fenti ya sirka shi da tina, kananzir ko fetur don ya yi auki. Ku duba rubutun bokitin: VOC ƙasa da giram 50 a lita ya yi, ƙasa da giram 5 ya fi. A tabbatar kuma akwai tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya. Wanda ake aunawa a robar da ba ta da suna, ku bar shi komai arharsa.

Abin da ya fi wari haɗari shi ne dalma, don ita ba a jin ƙanshinta. An fi samunta a fentin mai mai launin rawaya, ja da ruwan lemo, irin na ƙofofi da ƙarafan taga. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada ta wuce 90 ppm a fenti, wato kashi 90 cikin miliyan. Yaro mai rarrafe yana kai ɓawon fenti da ƙurarsa baki, dalma kuwa ƙwaƙwalwa take taɓawa. Abin da gubarta ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ya isa ishara, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Don haka kada a kankare tsohon fenti a bushe, kada kuma a ƙona shi. A jiƙa wurin, a goge da sanfefa, a kwashe da jiƙaƙƙen tsumma.

Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe yana cin kimanin lita 8 zuwa 10 a shafi biyu, da tazarar awa 4 tsakani. Idan filasta sabuwa ce, a ba ta mako 4 ta bushe, in ba haka ba fentin zai kumbura ya ɓare.

Sanyin Jos kan sa a rufe tagogi da wuri, nan ake kuskure. A bar su a buɗe, fanka tana fuskantar waje, kwana 3 aƙalla, ke da yaron kuna wani ɗakin. Tunda akwai asma, ku cika mako guda kafin ku koma.