Jar Panda: Wace Dabba Ce, Kuma Ana Iya Kiwonta a Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makarantar firamare ce a unguwar Bagalam, nan Maraɗi. Ɗalibaina sun nuna mini bidiyo a Facebook na wata dabba ja mai farin baki da jela mai zobe-zobe, ana ba ta 'ya'yan itace a cikin ɗaki, an ce sunanta jar panda. Shin ɗiyar pandar nan ce mai fari da baƙi ta ƙasar Sin? Kuma ana iya kiwonta a gida a nan wajenmu, kamar yadda yaran suke fata?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri bisa kula da tambayoyin yara. Ba ɗiyarta ba ce, ba kuma danginsu ɗaya ba. Babbar panda tana cikin dangin beyar, ita kuwa ja ita kaɗai ta rage a nata dangin, kuma ta fi kusanci da irin su bodari. Abin da ya haɗa su shi ne cin gora, da wani ƙashi na wuyan hannu da ya fito kamar babban yatsa, wanda suke riƙe reshe da shi. Masana a Turai sun ma riga sanin ja, domin an bayyana ta a rubuce a 1825, babbar kuwa sai a 1869.

Girmanta bai wuce na ƙatuwar kyanwa da yawa ba. Tana zaune a dazuzzukan gabashin tsaunukan Himalaya, a Nefal da Indiya da Butan da arewacin Miyanma da kudu maso yammacin Sin, a tudun da ya haura mita 2,000, inda ake hazo da sanyi mai tsanani. Shi ya sa gashi ya rufe ta har tafin ƙafa, kuma idan sanyi ya matsa takan naɗe jiki ta lulluɓe fuska da jelarta. Gwanar hawan itace ce ƙwarai, har takan sauko da kai a ƙasa saboda yadda idon sawunta ke juyawa.

Babbar matsalarta tana cikinta. Hanjinta gajere ne irin na masu cin nama, alhali kuwa abincinta ganyen gora ne da tohonsa, sai ɗan ƙari na 'ya'yan itace da ƙwai da ƙwari. Ganyen yana wucewa ba tare da ya narke sosai ba, don haka dole ta daɗe tana ci da asuba da almuru, sannan ta yini kwance a reshe don kada ta ɓarnatar da ɗan ƙarfin da ta samu. Haihuwarta ma ba ta da yawa, sau ɗaya ce a shekara, galibi ɗa ɗaya ko biyu a cikin kogon tsohuwar bishiya, bayan ciki na fiye da wata huɗu.

Game da kiwo, Malama, amsar ita ce a'a, kuma ina roƙon ki faɗa wa yaran haka ba tare da kwana-kwana ba. Dabbar da take fara galabaita idan zafi ya wuce digiri 25 ba za ta rayu a garin da yake haura 40 a watan Afrilu ba, balle a samo mata ɗanyen ganyen gora kullum. Bayan haka, yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda Nijar ma take ciki, ta haramta cinikinta tsakanin ƙasashe. Irin waɗannan bidiyoyi suna damuna matuƙa, domin suna sa mutane sha'awar mallakarta, sha'awar kuwa ita ce ke tura mafarauta daji.

A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa jar panda cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, bisa ƙiyasin cewa yawanta ya ragu da rabi cikin shekara 18. Ana sare daji don noma da itacen girki da hanyoyi, dabbobin kiwo suna tattake gora, karnukan makiyaya suna kashe ta ko su sa mata cuta, wasu kuma suna farautarta saboda fatarta. Idan daji ya rarrabu gida-gida, namiji da mace ba sa iya haɗuwa.

Ana dai ƙoƙari. A Nefal ƙungiyar Red Panda Network tana ɗaukar mutanen ƙauye aikin gadin daji, suna cire tarko suna dasa itatuwa, kuma a ganina wannan ne ya fi amfani, tunda su ne suke kwana suke tashi da dajin. A Indiya gidan namun daji na Darjilin ya saki waɗanda aka haifa a hannunsa cikin gandun Singalila a 2003. Idan kuma kina son misali na kusa da gida na mayar da dabba dajinta don darasi, ga gandun Gadabeji a yankin Dakwaro, inda aka kawo raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018, bayan shekaru masu yawa da ɓacewarsu a wurin.